Nijar da Najeriya: Yadda Ake Zama da Babban Maƙwabci

Duk lokacin da shugabannin Nijar da na Najeriya suka haɗu, magana ɗaya ce ba ta ɓacewa daga bakinsu, wato ƙasashen biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Maganar gaskiya ce, babu mai musu. Sai dai Ɗanjuman nan yana da mutane fiye da miliyan 200, da tashoshin jiragen ruwa a Legas da Fatakwal, ga man fetur ga iskar gas. Ɗanjummai kuwa mutanensa ba su kai miliyan 30 ba, ba shi da ko taku ɗaya na gaɓar teku, kuma mafi yawan ƙasarsa hamada ce. Zumunci tsakanin waɗanda ƙarfinsu bai zo ɗaya ba yana da nasa hukunci, kuma ƙaramin ne ya fi buƙatar sanin wannan hukuncin, domin idan an yi kuskure shi ne kan fara ji a jikinsa.

Iyakar da ke tsakanin ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500, tun daga wajen Gaya har tafkin Chadi. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, cikin yarjeniyoyin da suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906, ba tare da sun tambayi kowa ba. Sarautar da ke Maraɗi har yau ta Sarkin Katsina ce, ta Tsibiri kuma ta Gobir ce, kuma Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tana cikin ƙasar Nijar ta yanzu. Mafi yawan ƴan Nijar suna zaune ne a wannan siririn yankin na kudu, inda ake samun damina. Ma'ana, mai tafiya daga Maraɗi ya fi kusa da Katsina da Kano a kan Yamai, haka na Damagaram, balle na Difa, wanda Maiduguri ce babban birnin da ya sani. Duk wanda zai yi wa Nijar lissafin hulɗa da waje, daga nan ya kamata ya fara.

Shugabannin farko sun gane haka. A lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, Faransa ta karkata ga Biyafara, ƙasashen Kodebuwa da Gabon kuma suka amince da ita a matsayin ƙasa. Shugaba Diori Hamani, duk da cewa baitulmalinsa na dogare da Faransa, ya tsaya tare da gwamnatin tarayya ta Janar Gowon, har ya karɓi baƙuncin tattaunawar sulhu a Yamai a watan Yulin 1968. Ba ƙaramin kasada ba ce a wancan zamani. Amma Diori ya auna ya ga cewa Faransa tana iya yin fushi ta huce, Najeriya kuwa idan ta wargaje, wutar a ƙofar gidansa za ta ci. Shekara guda bayan ƙarewar yaƙin, a 1971, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, mai hedikwata a Yamai. A cikin shekarun nan ne kuma aka ja layin wutar lantarki daga Birnin Kebbi zuwa Yamai.

Batun wutar nan yana da kyau ɗalibai su fahimce shi sosai, domin mutane da yawa suna ɗaukar ta sadaka ce Najeriya ke yi. Ciniki ne. Kogin Kwara sai ya ratsa Nijar kafin ya shiga Najeriya ya cika madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968. Jami'an Najeriya da kansu sun sha bayyana cewa dalilin sayar wa Nijar wuta da rangwame shi ne don kada ta gina tata babbar madatsar a sama, ruwan Kainji ya ragu. Kowane ɓangare ya samu abin da yake so. Sai dai rangwamen ya zama kamar tabarmar barci. Shekara kusan hamsin ana kwance a kanta, har aka wayi gari kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Madatsar Kandaji da ke jihar Tilaberi, wadda aka tsara za ta ba da megawat 130, an aza harsashinta tun 2008, aikin ya tsaya ya tashi, ya sake tsayawa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Wani abin lura shi ne, galibin wahalar da Nijar ta sha daga Najeriya ba ta taso daga faɗa ba. Najeriya ce kawai take gyara gidanta, ƙurar ta rufe maƙwabci. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki tare da canja launin takardun naira, don maganin fasa-ƙwauri da masu ɓoye kuɗi. Rufewar ta faɗo a kan shekarar fari, kuma ba a buɗe ba sai 1986. Dattawan Maraɗi da Damagaram har yanzu suna kiran yunwar wancan lokaci da sunan El-Buhari. A watan Agustan 2019 aka sake rufewa, wannan karo saboda shinkafar waje da ke shigowa ta Kwatano, aka ɗauki wata goma sha shida kafin a buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020. A ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur cikin jawabin rantsuwarsa, nan take kasuwar man ruwa-ruwa da dubban matasan Ƙonni da Maraɗi da Damagaram ke ci da ita ta girgiza. Da darajar naira ta faɗi, makiyayin da ya kai raƙumi ko sa Maigatari ko Mai'aduwa sai ya dawo da kuɗin da idan ya canja su zuwa sefa ba su kai abin da ya zata ba. A cikin waɗannan matakai babu wanda aka ɗauka da niyyar cutar da Nijar. Babu kuma wanda aka ɗauka bayan an yi shawara da ita.

Abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 daban ne, domin a nan an nufi Nijar kai tsaye. Kwana huɗu bayan sojoji sun tsare shugaba Mohamed Bazoum, shugabannin ƙungiyar CEDEAO suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin Tinubu, suka rufe iyakoki, suka toshe hada-hadar kuɗi, suka ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfin soja. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar. Wanda ya zauna Yamai ko Doso a waɗannan watanni ya san yadda aka yi: asibitoci a kan janareta, masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara a zaune, magani ya yi wuya, farashin shinkafa ya tashi. Mutum na iya samun ra'ayin da ya ga dama game da juyin mulkin kansa, kuma ƴan ƙasa sun rabu a kai. Amma yanke wa talakawa wuta da magani don a hukunta sojoji, wannan kuskure ne babba, kuma bai dawo da Bazoum kan kujera ba. Abin da ya haifar shi ne ya tara jama'a a bayan majalisar CNSP, ya kuma koya wa duk wani ɗan Nijar cewa yarjejeniyar shekara hamsin ana iya kashe ta da makunni ɗaya.

To, me ya hana yaƙin? A nan ne darasin da ya fi kowane muhimmanci yake. Gaskiya ne Mali da Burkina Faso sun ce taɓa Nijar taɓa su ne, Aljeriya ma ta nuna ƙin amincewa. Amma babban birkin daga cikin Najeriya ya fito. Sanatocin arewa suka ce ba su yarda ba, majalisar dattawa ta nemi a bi hanyar siyasa. Sarakuna da malamai da ƴan kasuwa suka yi ta magana, a masallatai aka yi ta addu'o'i da alƙunutai. Lokacin da manyan jami'an diflomasiyya ke komawa daga filin jirgin Yamai ba tare da sun ga kowa ba, Muhammadu Sanusi na biyu ya samu ganin Janar Abdourahamane Tiani, bayansa tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da shi, daga bisani kuma Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka dawo aka karɓe su. Jihohi bakwai na Najeriya ke da iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Mutanensu sun san cewa harsashin da aka harba a Ƙonni, a Illela za a yi zaman makokinsa.

Wannan yana nuna cewa garkuwar Nijar mafi ƙarfi a gaban Najeriya ita ce ƙaunar da mutanen arewacin Najeriya ke yi mata. Ba a saye ta da kuɗi ba, kuma babu wata ƙasar waje, Rasha ce ko Turkiyya ko Sin, da za ta iya ba da irinta. Dukiya ce da aka tara ta hanyar auratayya da almajiranci da fatauci, kuma kamar kowace dukiya, ana iya ɓarnatar da ita.

CEDEAO ta ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, a watan Maris aka buɗe iyaka, wuta ta dawo. Kafin nan Nijar da Mali da Burkina sun riga sun kafa ƙawancen AES a Satumbar 2023, sun kuma sanar da ficewa daga CEDEAO, ficewar da ta tabbata a ƙarshen Janairun 2025. Tun daga lokacin hulɗar Yamai da Abuja take tafiya da ɗingishi. A Agustan 2024 babban hafsan tsaron Najeriya Janar Christopher Musa ya zo Yamai aka yi maganar haɗin kai. A Disamba kuma shugaba Tiani, cikin wata hira da ya yi da harshen Hausa, ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula Nijar, Abuja ta musanta da kakkausar murya. A watan Maris na 2025 aka shiga ƙarancin man fetur mai tsanani, layuka suka cika gidajen mai, alhali ƙasar tana da matatar SORAZ a Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, kuma kafofin labarai suka ruwaito cewa daga Najeriya aka nemo ɗauki. A ƙarshen watan nan ne Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin tafkin Chadi. A Afrilu ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya sauka Yamai, shi da takwaransa Bakary Yaou Sangaré suka yi alkawarin farfaɗo da tsohuwar hukumar 1971.

Mai karatu ya dubi wannan jerin da kyau. Zargi a Disamba, neman mai a Maris, ficewa daga runduna a Maris ɗin dai, musafaha a Afrilu. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ƙasa ba ta tafiya da irin wannan hawa da sauka ba tare da ɗan kasuwa da manomi sun biya kuɗinsa ba. A ganina, idan gwamnati tana da hujjar cewa ana shirya mata makirci daga ƙetaren iyaka, haƙƙinta ne ta faɗa, kuma wajibinta ne ta kare ƙasa. Sai dai wurin da ya dace a fara ajiye hujjar shi ne teburin jami'an tsaron ƙasashen biyu, ƙofa a rufe. Magana da Hausa a talabijin tana isa Kano da Sakkwato kafin gari ya waye, kuma waɗanda take sa su tsargu su ne mutanen da suka tsaya wa Nijar a 2023.

Kada a ɗauka Nijar hannu rabbana take. Tana da abubuwan da Najeriya ke buƙata, kuma sanin su na cikin dabarar zama da babba. Na farko tsaro. Tun da Boko Haram ta kai hari Boso da Difa a Fabrairun 2015, sojojin Nijar suka zama katangar arewa ga jihar Barno, kuma jihar Maraɗi ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina da ƴan bindiga suka kora. Idan katangar ta faɗi, makaman da ke gangarowa daga Libiya da Mali ba su da sauran shamaki. Sai dabbobi da wake da albasar Galmi da tattasan Difa, waɗanda kasuwannin Najeriya suka saba da su. Da gwamnati ta hana fitar da dabbobi gabanin babbar sallar 2025, masu neman ragon layya a Najeriya sun ji a aljihunsu, ko da yake makiyayan Nijar ma sun rasa kasuwar da suke jira shekara guda. Akwai kuma bututun iskar gas da aka daɗe ana maganar shimfiɗawa daga Najeriya zuwa Aljeriya, mai tsawon kimanin kilomita 4,000, wanda ba shi da hanya sai ta Nijar.

Ruwa ma makami ne, amma mai kaifi biyu. A kan Kwara, Nijar ce a sama. A kan Gulbin Maraɗi kuwa Najeriya ce a sama, da madatsar Jibiya a hannunta. Haka Komadugu, wanda manoman tattasai na Difa ke rayuwa da shi, ruwansa daga Haɗeja da Jama'are yake zuwa, bayan ya wuce madatsun Tiga da Challawa. Wanda ya ce zai matse wa ɗan'uwansa ruwa a yamma, sai ya tuna ana iya matse masa a gabas. Shi ya sa yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai, da hukumar kogin Kwara mai hedikwata a Yamai, suka fi amfani ga ƙaramin fiye da babban. Babba yana iya rayuwa ba tare da takarda ba, don yana da ƙarfi. Ƙarami kuwa rubutacciyar ƙa'ida ce shingensa.

Ba Nijar kaɗai ke cikin irin wannan hali ba. Ƙasar Mangoliya, wadda ita ma ba ta da teku, tana matse tsakanin Rasha da Sin. Tun shekarun 1990 take bin abin da ta kira siyasar maƙwabci na uku, wato ƙulla abota da Japan da Koriya ta Kudu da Amurka da Indiya, amma ba ta taɓa yin hakan ta hanyar zagin maƙwabtanta biyu ba, domin ta san kayanta ta cikinsu za su wuce. Ƙatar, da Saudiyya da ƙawayenta suka rufe mata iyaka a Yunin 2017, ta ɗauko shanu ta jirgin sama ta kafa gonar madara, ta faɗaɗa tasharta ta jiragen ruwa, ta jira har aka sasanta a Al'ula a Janairun 2021. Sai dai Ƙatar tana da teku da kuɗin gas da za ta yi wannan jiran, abin da Nijar ba ta da shi. Darasin Mangoliya ya fi kusa da mu.

Idan aka auna da wannan ma'auni, neman sababbin abokai da Nijar ke yi ba laifi ba ne, har ma an makara. Inda lissafin ya karkace shi ne rufe ƙofa ta biyu ana cikin rigima da ta farko. Tashar Kwatano ce hanyar da mafi yawan kayan Nijar ke bi shekara da shekaru, kuma ta ƙasar Benin bututun mai na Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya bi zuwa teku. Bayan ɗage takunkumi, gadar Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe saboda zarge-zargen tsaro. Kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari, manyan motoci suna jiran rakiyar sojoji makonni. Kowace rana ta jira tana hawa kan farashin buhun shinkafa da kwalin magani. Wani abin mamaki kuma, wannan rufewar ta ƙara jingina kudancin Nijar da Najeriya ne, domin kayan da ba su samu shiga ta Gaya ba sukan zagayo ta can. Mali da Burkina ƴan'uwa ne a fagen daga, amma su ma ba su da teku, kuma ba za su sayi shanun Tawa da waken Damagaram da yawan da Legas da Kano ke saya ba.

Ƴancin kai da ake ta faɗa a dandalin taro, ma'auninsa na gaskiya yana cikin abubuwa marasa daɗin faɗa a lasifika: megawat nawa ake samarwa a gida, kwana nawa rumbun tsimi na ƙasa zai ciyar da jama'a idan an rufe iyaka, hanyoyi nawa ne zuwa teku. An yi ɗan abin kirki. Tashar Gorubanda da ke kusa da Yamai, da ta hasken rana mai megawat 30 da aka kunna a 2023, sun rage raɗaɗin yanke wutar. Amma ƙasar da rana ke dukanta kusan kullum, wadda ke da gawayi a Anu Araren da Salkadamna, ga yuraniyom da ya haskaka biranen Faransa shekaru hamsin, bai kamata a ce makunnin babban birninta yana Birnin Kebbi ba. Ranar da Kandaji ta fara aiki, ranar ce wakilin Nijar zai zauna da na Najeriya ya yi ciniki ba tare da fargaba ba, kuma zumuncin zai fi tsabta a lokacin.

Mu ma da ke masallatai da makarantu muna da namu kaso. A 2023 an ga amfanin malamai da suke da ɗalibai a ɓangarorin iyaka biyu. An kuma ga ɓarnar saƙonnin murya da ake yaɗawa a WhatsApp da TikTok, wannan ya ce ga sansanin Faransa a ƙauye kaza, wancan ya ce ƴan Nijar butulu ne, ba tare da wanda ya tura ya tabbatar da komai ba. Tabbatar da labari kafin a yaɗa shi, da kiyaye haƙƙin maƙwabtaka, abubuwa ne da kowane ɗalibi ya karanta tun yana ƙarami. Limamin da zai hau mumbari a Ɗan Isa ko Magarya ya sani cewa a sahunsa akwai mutanen Jibiya da Ɓaɓura, kuma gobe nasa mutanen ne za su yi sahu a can.

Gwajin da ke tafe shi ne layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke ginawa, Najeriya kuma ke ɗaukar nauyin kuɗinsa. A kudancin Najeriya an yi ta sukar Buhari cewa ya kai dukiyar ƙasa ga danginsa. Lissafin Abuja kuwa a fili yake: a janye kayan Nijar daga Kwatano da Lome zuwa tashoshin Legas. Ga Maraɗi wannan babbar dama ce, kuma ga ƙasar baki ɗaya ƙarin hanya ce zuwa teku. Amma igiya ce sabuwa, kamar yadda layin Birnin Kebbi ya kasance a shekarun 1970. Kafin jirgin farko ya iso, ya kamata masu tattaunawa a madadin Nijar su nemi a rubuta, baƙi a kan fari, cewa kayan da ke wucewa ta wannan layi, da wutar da ake saye da kuɗi, da magani da abinci, ba za a tsayar da su saboda saɓanin siyasa ba, ko wane ne ke mulki a Yamai ko a Abuja, a kuma faɗi inda za a kai ƙara idan an saɓa. Hukumar haɗin gwiwar da za ta iya ɗaukar wannan aiki tana nan a Yamai tun 1971, abin da ya rage a riƙa kiran zamanta a kan lokaci, a kuma sa gwamnonin jihohin iyaka da wakilan ƴan kasuwa da makiyaya a ciki.